Igiya Ba Ta Buɗe Bakin Uwa: Martani Ga Mai Kiran A Rataye Masu Yi Wa Yara Fyaɗe

Malam, na karanta maƙalarka ta fitowar da ta gabata, wadda a cikinta ka nemi majalisun jihohin Arewa su mayar da kisa hukuncin dole a kan duk wanda ya yi wa ƙaramar yarinya ko ƙaramin yaro fyaɗe, ba ragi, ba zaɓi ga alƙali. Na karanta ta da dare bayan yara sun kwanta, na sake karanta ta da safe. Zafin da ke cikinta na san shi, don ni ma uwa ce, 'ya'yana mata uku, kuma na shafe shekaru ina koyarwa a firamare, inda malama kan ga yarinya ta canja tafiya ko ta daina ɗaga hannu a aji tun kafin kowa ya faɗi dalili. Saboda haka kada ka lissafa ni cikin waɗanda ka ce sun fi tausayin azzalumi a kan wadda aka zalunta. Wanda ya yi wa yarinya fyaɗe har ta mutu, ko ya kashe ta don ya ɓatar da sawu, a kashe shi. Kisasi ne, ba mu da saɓani a nan. Saɓaninmu yana kan yarinyar da ta rayu. Irinta ne suka fi yawa, kuma ita ce maƙalarka ta ambata a farko, sannan ta bar ta a tsaye ta koma kan wuyan mai laifi har ƙarshe.

Ni kuwa a wurinta nake so mu tsaya. Me dokar da kake nema za ta yi mata?

Shekarun baya wata uwa ta same ni a gida bayan sallar isha'i. 'Yarta tana ajina, shekararta takwas. Ta daɗe a zaune tana murza bakin mayafi kafin magana ta fito. Ƙanin mijinta ne, mai kwana a shagon zaure, wanda ake aiken yarinyar ta kai masa tuwo kullum da dare. Matar nan ta yi abin da mata da yawa ba sa iyawa: ta kai yarinyar asibiti, ta wuce caji ofis. Kafin kwana uku gida ya cika. Surukarta ta taso daga ƙauye ta zauna a tsakar gida tana kuka, tana cewa an haɗa baki za a hallaka mata auta. Yayyen miji suka ce a rufa asiri ko don yarinyar, wa zai aure ta gobe idan magana ta fita? Wani dattijo ya ɗora da cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Abin da matar ta riƙa kare kanta da shi, har na haddace shi saboda yawan maimaitawa, shi ne: "Inna, ba kashe shi za a yi ba, ɗaure shi za a yi." Da wannan 'yar kalma ta samu ta tsaya da ƙafarta wata biyu a gidan da kowa ya juya mata baya.

Malam, dokarka wannan kalmar za ta ƙwace mata. Ranar da ta ɗauki mayafi za ta fita, ta san cewa idan ta yi nasara za a rataye ɗan'uwan mijinta, baffan 'ya'yanta, kuma har abada sunanta a dangin matar da ta kashe musu ɗa. Yarinyar ma za ta ji. Masu wannan ɗanyen aiki da ma da tsoro suke rufe bakin yaro: idan kika faɗa zan yanka ki, idan kika faɗa za a saki mamarki. Yanzu za mu ba su wata barazanar wadda gaskiya ce, hukuma ce ma ta buga mata hatimi: idan kika faɗa za a kashe Baffa, kuma ke kika jawo. Yarinya 'yar shekara takwas ba ta iya ɗaukar wannan kaya, za ta haɗiye maganar ne kawai.

A maƙalarka mai fyaɗe baƙo ne, wani ƙato da ke laɓe a kango yana jiran yara su taso daga Islamiyya. Akwai irinsa, ban musa ba. Amma duk wanda ya zauna da ma'aikatan jinya ko lauyoyin da ke bin waɗannan ƙararraki zai ji cewa mafi yawa na gida ne ko na kusa da gida: maƙwabci, mai shagon layi, malami, mijin uwa, ɗan ɗaki, kawu, wani lokaci uba. A Indiya, inda hukuma ke fitar da alƙaluman laifuka duk shekara, fiye da tara cikin goma na ƙararrakin fyaɗe wanda ake zargi sananne ne ga wadda aka yi wa. A nan gida, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma sun gamu da cin zarafi ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18, kuma waɗanda suka samu wani taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Ka ajiye wannan a gefe, ka ɗauko abin da Sufeto Janar na 'Yan Sanda Mohammed Adamu ya faɗa a watan Yunin 2020: ƙorafin fyaɗe 717 ne suka iso hannunsu daga Janairu zuwa Mayu, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. A cikin wannan watan ne kuma 'yan sandan Kano suka kama wani mutum a Kwanar Ɗangora da zargin ya yi wa mutum 40 fyaɗe cikin shekara guda, daga 'yan mata ƙanana har tsohuwa, kuma asirinsa bai tonu ba sai da wata uwa ta ritsa shi a ɗakin 'ya'yanta. Mutum arba'in a gari ɗaya. Ciwonmu ke nan, shiru. Duk dokar da za ta ƙara wa shirun nan nauyi, ko da niyyar mai ita fara ce tas, mai laifi take yi wa aiki.

Akwai abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. A yawancin waɗannan laifuka shaida ɗaya ce tak a duniya, ita ce yarinyar. Idan hukuncin fyaɗe kisa ne, hukuncin fyaɗe haɗe da kisan kai ma kisa ne, to me ya rage da zai sa mugu ya bar ta da numfashi? Idan ya bar ta, za ta iya nuna shi, igiya na jiransa. Idan ya shaƙe ta ya jefa a rijiya, hukuncinsa bai ƙaru da komai ba, damar tsiransa ce ta ƙaru. Ka ce mai wannan aiki dabba ne, ba ya lissafi. To idan ba ya lissafi, tsoron igiya ma ba zai hana shi ba, hujjarka ta hani ta faɗi ke nan. Idan kuwa yana lissafi, wannan lissafin ma zai yi shi. Mutanen Kano ba su manta da yarinyar nan 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace a watan Disambar 2021 ba. Ba shari'ar fyaɗe ba ce, garkuwa ce don kuɗin fansa, amma dalilin da 'yan sanda suka ce ya bayar na ba ta guba shi ne ta gane shi. A watan Yulin 2022 Babbar Kotun Kano ta yanke masa hukuncin rataya, kuma ya cancanta. Abin da nake so ka riƙe shi ne yadda zuciyar irin waɗannan mutane ke aiki idan suka ga idon yaro ya shaida su.

Ba ni kaɗai ce na hango wannan ramin ba. A 2008 Kotun Ƙolin Amurka ta duba shari'ar wani mutum daga jihar Luwiziyana da aka yanke wa kisa saboda ya yi wa agolarsa 'yar shekara takwas fyaɗe. Alƙalai biyar cikin tara suka soke hukuncin kisa a kan fyaɗen yaron da bai mutu ba, kuma cikin dalilan da suka kawo har da waɗannan biyun: iyali za su ƙara ɓoyewa, mai laifi kuma zai rasa dalilin barin yaro da rai. A shari'ar ita kanta, da farko yarinyar cewa ta yi wasu samarin unguwa ne, sai bayan fiye da wata uku ta iya kiran sunan mijin uwarta. Na san jihar Fulorida a 2023 da Tenesi a 2024 sun sake kafa irin wannan doka don su ja da wancan hukunci, kamar yadda ka ambata. Siyasarsu ce, su ta shafa. Kafa dokar bai amsa tambayar ba.

Indiya ta fi kama da mu a cunkoson kotu da kunyar dangi. Bayan fyaɗen da aka yi wa wata ɗaliba a cikin motar bas a Delhi a Disambar 2012, gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai J.S. Verma. Ƙasar tana tafasa, tituna cike da masu neman rataya, amma kwamitin ya ƙi ba da shawarar kisa ko dandaƙa a kan fyaɗe, ya karkata ga gyaran 'yan sanda da hanyar shari'a. Sai a Afrilun 2018, bayan abin da aka yi wa wata 'yar shekara takwas a Kathua, gwamnati ta fitar da dokar gaggawa mai ba da damar kisa ga wanda ya yi wa 'yar ƙasa da shekara 12 fyaɗe. Cikin kwanaki Babbar Kotun Delhi ta tambayi lauyoyin gwamnati ko an yi wani nazari kafin a kafa ta, da kuma masu laifi nawa ne yanzu za su bar yaran da rai. Ko a can ɗin ma, kisa zaɓi ne a hannun alƙali. Kai kuwa dole kake nema.

Ginshiƙin maƙalarka shi ne cewa idan aka rataye biyu ko uku a bainar jama'a, sauran za su shiga taitayinsu. Ƙasar nan ta gwada wannan magani, ba sau ɗaya ba. Bayan yaƙin basasa, gwamnatin Gowon ta kafa dokar soja a 1970 wadda ta sa kisa a kan fashi da makami. A Satumbar 1971 aka ɗaure Ishola Oyenusi a jikin durom a bakin tekun Bar Beach da ke Legas aka harbe shi, dubban mutane na kallo. Aka ci gaba da harbi shekara da shekaru. A 1987 sai ga shi ana harbe Lawrence Anini a Benin, bayan ya hana wata jiha guda barci. Fashi bai mutu ba. Jihar Katsina ta sa kisa a kan garkuwa da mutane da satar shanu a 2019, Zamfara ta yi irin tata a 2022. Ka tambayi mutanen Batsari ko na Maru ko takardar ta hana su kwana a daji. Ɗan bindiga ba ya tsoron abin da ke rubuce a kundin doka saboda ya san ba za a kama shi ba. Mai fyaɗe ma haka. Abin da ke ba shi ƙwarin gwiwa shi ne ya ga wanda ya yi bara yana zaune a majalisar ƙofar gida ana shan shayi da shi. Mutumin da ya tabbata ba za a kai shi gaban alƙali ba, ko ɗauri aka rubuta ko rataya, duk ɗaya ne a wurinsa.

Kuma wace ratayar ma? Rabon da a zartar da hukuncin kisa a Nijeriya tun Disambar 2016, lokacin da aka rataye mutum uku a jihar Edo. Fursunoni sama da 3,000 ne ke zaune a gidajen gyaran hali da hukuncin kisa a kansu, gwamnoni sun ƙi sa hannu. A Satumbar 2020 Gwamna Nasir El-Rufai ya sa hannu a gyaran dokar Kaduna: wanda ya yi wa 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe a dandaƙe shi sannan a kashe shi, mace kuma a cire mata bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa sannan a kashe ta. An yi ta tafi a rediyo. A Agustan shekarar, wata babbar kotun shari'ar Musulunci a Kano ta yanke wa wani dattijo hukuncin jifa saboda ya yi wa 'yar shekara 12 fyaɗe, alhali tun da jihohi 12 suka faɗaɗa shari'a a farkon shekarun 2000 ba a taɓa jefe kowa ba. To duba cinikin da muke yi. Tsoron kisan yana nan daram a zuciyar uwa da kaka da yarinya, yana hana su magana. Kisan kansa ba ya faruwa. Mun biya kuɗin kaya, ba mu karɓi kayan ba.

Da ka taɓa raka wata uwa kotu, Malam, na tabbata da rabin maƙalarka a kan harabar kotun za ta ƙare. Sashe na 209 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce yaron da bai kai shekara 14 ba yana ba da shaida ne ba tare da rantsuwa ba, kuma ba a ɗaure mutum da irin wannan shaida ita kaɗai sai an samu wata hujja da ta ƙarfafa ta. Ina hujjar take? Abu na farko da uwa kan yi idan ta ga 'yarta a wannan hali shi ne ta dafa ruwa ta gasa ta, ta wanke wando da zane, don tausayi da kunya. Hujja ta bi ruwan wanka. Sai a yi kwana huɗu ana shawara da dangi, alhali maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. Idan an je asibiti a nemi kuɗin kati da na gwaji, idan an je caji ofis a nemi kuɗin mai da na takarda. Fayil ya tafi ma'aikatar shari'a neman shawara ya yi watanni. Likitan da ya duba ta an canja masa wurin aiki, ɗan sandan da ya yi bincike an tura shi wata jiha. A ɗage zama, a sake ɗagewa, uwa na asarar kuɗin mota da yinin sana'a, har ta gaji.

Ka ɗora hukuncin kisa na dole a kan wannan tsari, ka ga abin da zai biyo baya. Tsohuwar ƙa'ida ce a kotunanmu cewa idan laifi na kisa ne, ko wanda ake tuhuma ya ce ya aikata, alƙali zai rubuta cewa bai amsa ba, a yi cikakkiyar shari'a. Ma'ana an rufe ƙofar da mai laifi zai amsa a yanke masa hukunci a hutar da yarinya tsayuwa a gabansa. Dole ta zo, lauyansa ya yi mata tambayoyin ƙure, shi kuma lauyan ran mutum yake karewa, ba zai raga mata ba. Alƙalin da ya san cewa kalmarsa ɗaya kabari ce, kuma doka ta hana shi sassautawa, ƙaramin kokwanto zai sa ya sallami wanda da ɗauri ne da ya ɗaure shi. Mai gabatar da ƙara da ya hango haka sai ya sauko da tuhuma zuwa ƙaramin laifi tun daga farko. Idan an yi sa'a an samu hukunci, sai ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli. Yarinyar da aka ɓata tana aji uku za ta gama sakandare magana ba ta mutu ba, kowa a unguwa ya san ita ce.

Ka kawo misalin Pakistan, inda aka rataye wani mutum a Oktobar 2018 saboda fyaɗe da kisan wata ƙaramar yarinya a garin Kasur, wata tara kacal bayan aikata laifin. Ka karanta labarin har ƙasa. Mutumin ya kashe ta, don haka shari'ar kisan kai ce, ni ma na yarda da hukuncin. Kuma hukuncin kisa yana nan a dokar ƙasar duk tsawon lokacin da yake ɗauke yaran garin ɗaya bayan ɗaya, bai hana shi ba. Abin da ya tsayar da shi gwajin ƙwayar halitta ne da aka yi wa maza sama da dubu, wanda ya haɗa shi da wasu yaran da aka kashe a baya. Wani binciken BBC ma ya nuna cewa a 2017 'yan sanda sun harbe wani mutum daban da zargin kisan ɗaya daga cikin yaran nan, daga baya gwaji ya nuna ba shi ba ne. Mu fa? Ɗakin gwajin ƙwayar halitta da gwamnatin Legas ta buɗe a 2017 an lalata shi a tarzomar Oktobar 2020. Cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, irin Mirabel da aka fara da ita a Legas a 2013, da Salama a Kaduna, da Waraka a asibitin Murtala na Kano, da Nana Khadija a Sakkwato, suna aikin da ya fi ƙarfinsu, kuma kusan duk a birni suke. Matar da ke ƙauyen da mota ke shiga ranar kasuwa kaɗai, ina za ta?

Na zo kan hujjarka ta addini, kuma a nan ina taka-tsantsan, don ka fi ni karatu. Ka ce fyaɗe hiraba ce, hukuncin hiraba kuma kisa. Gaskiya ne Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya na Andalus, ya tafi a kan cewa ƙwace mace da ƙarfi don keta mutuncinta hiraba ce, har ya fi ƙwacen dukiya muni, ya kuma ja da malaman zamaninsa a kan haka cikin Ahkamul Ƙur'an. Amma a mazhabar Imamu Malik, wadda muke bi a ƙasar Hausa, ɗan hiraba idan ya kashe rai ne kisansa ke zama dole. Idan bai kashe ba, an bar wa shugaba ya duba maslaha ya zaɓa cikin hukunce-hukuncen da ayar Suratul Ma'ida ta jera. Wannan zaɓin shi kake so a soke. Idan kuma ta ƙofar haddin zina aka bi, ka san sharuɗɗan: shaidu huɗu, ko iƙirarin da mai shi ke da damar janyewa. Wane mai fyaɗe ne ke yi a gaban mutum huɗu? Shi ya sa yawancin waɗannan shari'o'i a ƙarƙashin ta'aziri suke faɗawa, inda alƙali ke aiki da alamomi da rahoton likita, ya tsananta gwargwadon ɓarna.

Akwai hadisin Wa'ilu ɗan Hujru da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wanda na so a ce ka kawo. Wata mata ta fita za ta sallah a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani ya afka mata ya gudu. Ta yi kururuwa, mutane suka bi sawu suka kamo wani, ita ma ta ce shi ne. Sai da aka zo zartar da hukunci, ainihin mai laifin ya miƙe ya ce shi ya aikata. Abu biyu nake gani a ciki. An saurari matar nan take, ba wanda ya ce mata me ya fitar da ita, ba wanda ya ce ta rufa wa kanta asiri. Sannan ga babbar mace, ga mutanen kirki da suka kawo ɗauki da zuciya ɗaya, amma aka kamo wanda ba shi ba. Idan haka ta faru a Madina, me kake tsammani a ofishin da ake samun iƙirari da kulki? A 1981 jihar Oyo ta kashe wani fursuna mai suna Nasiru Bello alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce an saɓa doka, amma wa za a mayar wa da rai? Kuma mun san wanda igiyar za ta samu idan ta tashi samu: mai gadi, ɗan ga-ruwa, almajirin da ba shi da kowa a gari. Mai hali tun a caji ofis zai kashe maganar, kuma tsananin hukunci farashin kashe ta kawai zai ɗaga.

Wani abu kuma da fiƙihunmu ya tanada wanda ban gani a maƙalarka ba: haƙƙin ita wadda aka zalunta. A Muwaɗɗa, Imamu Malik ya tabbatar da cewa wanda ya tilasta wa mace zai biya ta sadakin irinta, ban da haddin da ke kansa, ita kuma babu komai a kanta. Malamanmu sun tuna da ita. Yarinyar da aka yi wa rauni har ta kamu da yoyon fitsari tana buƙatar tiyata, da kuɗin makaranta, da wanda zai zauna ya saurare ta idan ta farka cikin dare tana ihu. Gawar mai laifi ba ta biyan ko ɗaya.

Na san tambayar da za ka yi mini, don na yi wa kaina ita. Jaririya 'yar watanni fa, wadda ƙato ya yaga? Shi ma a bar shi yana cin tuwon gwamnati? Wallahi idan na ji irin wannan labari, abin da zuciyata ke raya mini ya wuce rataya. Ban ce bai cancanci mutuwa ba. Amma doka ba a kan mutum ɗaya take sauka ba, tana sauka ne a kan dubban gidaje a lokaci guda, har da gidan da wata uwa ke zaune yanzu tana auna ko ta faɗa ko ta yi shiru. Ɗaurin rai da rai yana nan a Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da dokar hana cin zarafi ta 2015. A sa shi ya zama na gaske, wanda ba afuwar gwamna ranar bikin 'yancin kai, ba beli ta bayan gida. Ka juya alƙalaminka kan mai unguwar da ke tara dattawa a yi sulhu a kan jinin yarinya, da jami'in da ke karɓar kuɗi ya ce a je gida a daidaita, a mayar da wannan sulhun laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Ka nemi a sa ma'aikaciyar jinya da ta san aikin a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, gwaji da magani kyauta, da alƙalin da aka ware wa waɗannan ƙararraki da wa'adin gamawa, yarinya ta ba da shaida sau ɗaya a bayan labule ta koma makaranta. Wannan duka kuɗi yake ci da bibiya, shi ya sa 'yan majalisa suka fi son dokar rataya, wadda ba ta cin komai sai tawada. An bar jaki ana dukan taiki, kuma ina jin takaicin ganin mai ilimi irinka yana miƙa musu sanda.

Matar da na ba ka labarinta ba ta kai ƙarshe ba. A zama na uku da aka ɗage, mijin ya ce ta zaɓa, ko ƙarar ko aurenta, ga 'ya'ya biyar. Ta janye. Aka tura yarinyar ƙauye wurin kakarta ta wajen uwa, wai har ƙura ta lafa. Kujerarta a ajina ta zauna babu kowa har ƙarshen zangon, daga baya na ba wani yaro. Ƙanin mijin ya yi aure bayan shekara biyu, an yi biki da kiɗa, kuma har na bar unguwar yana nan a gidan, yaran maƙwabta na shiga suna fita ta zauren.